Kibiyar Mashigin Marke

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Barmo ɗan Nagoma a Birnin Kundumi, ƙarshen bazara, gajimare ya fara haɗuwa a gabas amma ko ɗigo bai sauka ba, sai ga jakada daga Zagama a ƙofar fada. Bai zo da 'yan rakiya ba, bai zo da tsaraba ba. Abin da ke hannunsa wani siririn abu ne naɗe cikin farin ƙyalle.

Kundumi da Zagama maƙwabta ne, Gulbin Marke ya raba su. Iyaye da kakanni sun sha gwabzawa a kan wannan gulbi, har shekara tara kafin wannan rana, lokacin da sarakunan biyu suka haɗu a tsakiyar yashi, suka dafa Littafin Allah, suka ƙulla amana. Sarkin Zagama, Tunau, tsoho ne tukuf. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, shi ma sai bayan furfura ta cika masa gemu, shi ya sa aka raɗa masa suna Kyauta. Ya tashi jarumi mai kwarjini, barade na ƙaunarsa. Kwana huɗu kafin zuwan jakadan, Yarima Kyauta ya hau da hantsi zai tsallako mashigi ya gai da kawunsa, wanda ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Kundumi. Dokinsa na taka gaɓa, kibiya ta fito daga cikin sarƙaƙiya ta shige maƙogwaronsa. Ko shurawa bai yi ba.

Jakadan ya durƙusa gaban Sarki Barmo, ya warware ƙyallen, ya ajiye kibiyar a kan shimfiɗa. Babu wanda bai gane ta ba, ga jan zare naɗe a gindinta zagaye shida. Mutum ɗaya ke yi wa kibiyarsa haka a ƙasar duka: Sarkin Baka Cindo, shugaban maharban Kundumi, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun dama.

Jakadan ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangijina Sarkin Zagama ya ce in gaya maka bai aiko ni da zagi ba, bai kuma aiko ni da kuka ba. Tambaya ɗaya ce. Abin da ya sami ɗansa a mashigin Marke, kuskure ne ko ganganci? In kuskure ne, alƙalinku ya rubuta da hannunsa, maharbin ya rantse, shi kuma zai karɓi diyya kamar kowane talaka, ya rungumi ƙaddara. In ganganci ne, a ba shi wanda ya harba da wanda ya sa aka harba. Kwana uku zan jira."

Kashegari da safe majalisa ta cika. Wanda ya fara magana shi ne Kaura Nomau, mai riƙe da rundunar yaƙin Kundumi, dogon mutum mai tabon mashi a kumatu.

"Zaki, Allah ya ba ka nasara. Maganar nan ba ta da tsawo. Sarkin Baka ya fita farauta, ya hangi barewa a bakin gulbi, ya saki kibiya, iska ta karkatar da ita, ƙaddara ta kawo ɗan Sarkin Zagama. Wannan shi ne kuskure, kowa ya san haka. Alƙali ya rubuta, Cindo ya rantse, a kora wa tsoho raƙumansa, a rufe magana."

Hakimai suka gyaɗa kai, ana ta "gaskiya ne, gaskiya ne." Sarki ya ce a shigo da Cindo.

Ya shigo babu kwari babu baka, gajere mai faɗin ƙirji, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ka ji abin da Kaura ya faɗa. Haka aka yi?"

"Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba. Ban ga barewa ba. Iska kuma ba ta motsa ba ran nan, ko ganye bai kaɗa ba. Mutum na nufa, a maƙogwaro na nufe shi, nan kuma na same shi."

Fada ta ɗauki salati. Kaura ya zabura ya ce baƙin ciki ya taɓa wa mutumin nan hankali, a fitar da shi. Dogarai sun matso ke nan, sai aka ji wata murya ƙasa-ƙasa daga gefen dama na karaga.

"Zaki, a ba ni shi in yi masa tambaya."

Alƙali Malam Yusha'u ne. Ya haura tamanin, ya yi wa mahaifin Barmo alƙalanci kafin ya yi wa Barmo, ya kuma yi shekara ashirin yana karatu a ƙasashen gabas. In zai yi magana ba ya ɗaga murya, mutane ne ke miƙa wuya. Sarki ya ɗaga hannu, dogarai suka ja baya.

"Sarkin Baka, da ka ja baka, ka san wanda ke kan dokin?"

"Wallahi ban sani ba, Allah gafarta Malam. An ce mini Ɗan Duhu ne, ɗan fashin nan da ya yanka makiyaya bakwai bara. An ce zai tsallako da hantsin Talata a kan farin doki, da baƙin rawani, ya rufe fuska da amawali. Yadda aka faɗa haka na gani. Sai da ya faɗi, amawalin ya zame, na gane fuskar."

Alƙali ya juya ga majalisa.

"Kalmar nan da muke ta jujjuyawa tun jiya, bari mu dube ta, tunda rayuka sun rataya a kanta. Kuskure kalmar maharba ce tun asali. In kibiya ta bar baka ta wuce abin da aka nufa, sai a ce ta kuskure. Daga nan muka aro ta, muka sa wa duk wanda ya nufi daidai bai dace ba. Da na je gabas sai na tarar Larabawa ma haka suke, kalmarsu ta kuskure ita suke faɗa wa kibiyar da ta kauce. Malamanmu suka ce kuskure iri biyu ne. Akwai na hannu, ka nufi barewa ka sami mutum. Akwai na zato, ka sami wanda ka nufa, amma ba shi ne wanda ka zata ba. Na Cindo shi ne na biyu. Hannunsa bai kuskure ba, saninsa ne ya kuskure. Allah kuwa, cikin rahamarsa, bai kama mai kuskure kamun mai ganganci ba. Abin da zuciya ta ƙudurta shi yake dubawa."

Fuskoki suka saki. Kaura ya yi murmushi ya ce, "To ai an gama. Kuskure ne, Malam ya faɗa da bakinsa."

"Ban gama ba, Kaura. Kalmar nan tana da 'yar'uwa, wasali ɗaya ne ya raba su. Muna cewa wane ya kuskure. Muna kuma cewa wane ya kuskura. In uwa ta ce wa ɗanta kada ka kuskura ka taɓa wutar nan, ba mantuwa take hana shi ba. Tana nufin ka sani, kada ka yi. Wanda ya kuskure hanya ya nema ya ɓata. Wanda ya kuskura ya ga iyaka da idonsa ya tsallake. Abin da ya fi ba ni tsoron Allah, a Larabci ma daga tushe ɗaya sunayen biyu suka fito, na mai kuskure da na mai zunubi. Sun yi kusa a baki, har mai son zuciya yana iya ɓoye ɗaya a bayan ɗaya. Amma a wurin Wanda ya halicci harsuna, tsakaninsu ya fi tsakanin sama da ƙasa. Mun sami wanda ya kuskure. Saura wanda ya kuskura. Sarkin Baka, wa ya gaya maka Ɗan Duhu ne?"

Cindo ya ce, "Kaura ne, a zaurensa, ranar Lahadi bayan la'asar."

Kaura bai razana ba. Ya gyara zaman takobinsa a kafaɗa, ya ce, "Ni Nomau bawan gidan nan ne. Shekara ashirin ban ɗaga mashi ba sai don abin da ubangijina yake so."

Bai dubi Sarki ba da ya faɗi haka. Sauran majalisa ma ba su duba ba, kowa ya kafa ido a ƙasa. Sarki Barmo ya miƙe ya shige gida, fada ta watse.

Bayan azahar Sarki ya aika aka kira Alƙali zuwa soron ciki, ya sallami kowa.

"Malam, kai ka koya mini alwala. Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Wata biyu da suka wuce muna dawowa daga kilisa ni da Kaura, na ce yaron nan Kyauta in ya hau gadon Zagama, 'ya'yana ba za su zauna lafiya ba. Na ce tsohon ba shi da wani, da babu yaron, da Zagama da kanta za ta faɗo hannunmu. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce a kashe ba. Suɓutar baki ce."

"Da ka faɗa, Zaki, su wa ke kusa?"

"Kaura kaɗai."

"Ka san halin Kaura?"

"Na sani."

"Tun daga ran nan kullum safiya yana zuwa gaisuwa. Ko sau ɗaya ka ja shi gefe ka ce masa, maganar nan da na yi, bar ta?"

Sarki ya kau da kai.

Alƙali ya ce, "Abin da ya suɓuce wa mutum, yakan bi shi da gudu ya dawo da shi. Kai ba ka bi ba. Ka zauna kana jira."

Jijiyar goshin Sarki ta tashi. Ya ce, "Ban kira ka don wa'azi ba. Ka ce na Cindo kuskure ne. Rubuta haka."

"Zan iya rubuta haka, gaskiya ne. Amma ba labarin Cindo kaɗai Tunau ya tambaya ba. In na rubuta rabi na danne rabi, na zama na uku a cikinku."

"In ba ka rubuta ba, dubbai za su mutu."

"In ka faɗi gaskiya, Zaki, watakila mutum biyu ne za su mutu, kai da Kaura, watakila ma Tunau ya yafe. Dubban nan ba alƙalamina ke riƙe da su ba."

A ranar aka tuɓe Malam Yusha'u daga alƙalanci. Magatakardan fada ya rubuta labarin barewa da iska, aka buga hatimi, aka gaya wa jakada cewa Alƙali ba shi da lafiya, hannunsa na rawa. Cindo kuwa aka ce ya zauna gidansa kada ya fita, Sarki bai yarda a taɓa shi ba.

Rana ta uku da hantsi, jakada ya kama hanya, Cindo ya fito daga gidansa ya nufi ƙofar Malam Yusha'u. Ya tarar da shi zaune a kan buzu a inuwar zaure. Ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ka ce ba ni da laifin ganganci. To me ya sa abinci ba ya wuce mini wuya?"

"Domin kuskure ba ya ta da mamaci. Shari'a ta ɗora wa mai kisan kuskure kaffara, bawa ya 'yanta ko azumin wata biyu a jere, don ya san ran mutum ba ƙaramin abu ba ne, ko da bai nufa ba. Amma na ga kamar akwai abin da ba ka faɗa a fada ba."

Cindo ya sunkuyar da kai. "Na ga zamansa a kan sirdi. Ɗan fashi ba ya zama haka, Malam. Ɗan fashi na waige-waige. Wannan kuwa tafe yake kamar mai shiga gidan ubansa. Zuciyata ta ce dakata. Ban dakata ba, don kada a ce Ɗan Duhu ya wuce ta gaban Cindo."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Wannan ɗan lokacin, tsakanin dakata da sakin kibiya, babu alƙalin duniya da zai iya auna shi. Naka ne, kai da Ubangijinka. Ka kai masa shi yadda yake, kada ka rage, kada ka ƙara."

Cindo ya kwance kwarinsa da bakansa ya jingine su a bangon zauren. Ya miƙe ya nufi ƙofar gari a ƙasa, rana tsaka. Masu tsaron ƙofa yaransa ne, shi ya koya musu harbi, babu wanda ya iya tare shi. Ya cim ma jakada a wata rijiya, ya miƙa masa hannuwansa biyu ya ce a ɗaure.

A fadar Zagama aka karanta takardar barewa, sannan Cindo ya faɗi nasa, bai bar ko ɗan lokacin nan na dakata ba. Sarki Tunau ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Barade suka nemi a ba su maharbin su yayyanka. Tsohon ya hana. Ya ce a tsare shi, a ba shi ruwa, a mayar wa Kundumi takardarta, a buga tambarin yaƙi.

Kwana bakwai bayan haka rundunonin biyu suka tsaya suna kallon juna, Gulbin Marke a tsakaninsu, yashi fari fat, sai ɗan ruwa a tsakiya da bai kai gwiwa ba. Mayaƙan Kundumi sun ninka na Zagama biyu. A bayansu, kan wani tudu, an ajiye Malam Yusha'u a kan jaki, don Sarki ya ce a zo da shi ya ga abin da taurin kansa ya jawo.

Kafin a busa ƙaho, Sarkin Ruwa, shugaban masunta da masu fito, ya zo ya faɗi gaban dokin Sarki.

"Zaki, kwana biyu gabas tana baƙi wajen duwatsu. Yau da safe na ga kumfa da ɗanyen ganye a ruwan nan, kuma ruwan ya yi sanyi. An yi ruwa can saman gulbi. Kada a tsaya cikin gulbin nan yau."

Kaura ya yi dariya, ya nuna sama da mashinsa. Garau take, rana na dukan kwalkwali. Ya ce masunci ya koma wajen komarsa, ya bar yaƙi ga masu shi. Sarki ya dubi gabas, ya dubi Kaura, ya ce a busa.

Aka busa ƙaho, kugen ƙarfe ya amsa. Maharban Kundumi suka yi ruwan kibau, amma ba kamar yadda suka saba ba, don babu mai tsayawa gabansu ya ce yanzu. Kaura bai jira su ba. Ya ja barade suka faɗa yashi, suka hau gaɓar Zagama kamar gobara. Dakarun Tunau suka kafa garkuwa, aka haɗu, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe da haniniya da kiran sunan Allah. Sau biyu Zagama ta tura su baya, sau biyu Kaura ya dawo. A na uku sahu ya tsage. Mutanen Zagama suka fara ja da baya zuwa wata tsohuwar kuka inda tutar sarkinsu take.

Da Sarki Barmo ya ga haka, bai so a ce an kama Tunau ba ya wurin ba. Ya zaburi doki ya tsallaka da mutum arba'in kacal. Kaura kuma ya juya ya koma cikin gulbi don ya hanzarta 'yan lifidi, mahayan nan masu rigunan yaƙi na auduga, waɗanda nauyin kayansu ya sa dawakinsu ke nutsewa cikin yashi. Mafi yawan rundunar Kundumi a lokacin tana tsakiyar gulbi.

Sai aka ji wani ruri daga gabas, kamar tsawa, amma ba ya yankewa. Dawakai suka fara ji kafin mutane, suka ɗaga kunnuwa, suka ƙi linzami. Masu takubba a sama suka tsaya da su a sama. Daga kwanar gulbi sai ga shi ya ɓullo, jan ruwa tsaye kamar ganuwa, ya fi mutum a kan doki tsawo, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu, da jinkunan ɗakuna, da matattun shanu, ga rana tana haskawa a kansa, babu gajimare ko ɗaya a saman filin.

Waɗanda ke kusa da gaɓa suka tsira. 'Yan lifidi ba su ko juya ba, audugar rigunansu ta sha ruwa ta ja su ƙasa. An hangi Kaura Nomau tsaye a kan likkafa yana daka tsawa, mashi a sama, sannan aka hangi dokinsa shi kaɗai yana juyawa cikin ruwa. Kafin a karanta Fatiha sau goma, inda dubban mutane suke babu komai sai ruwa mai ruri daga gaɓa zuwa gaɓa.

Babu wanda ya yi kirari. Mutanen Zagama da kansu suka zubar da garkuwoyi, wasu suka faɗi suka yi sujada a kan ƙasar da jini ya jiƙa. Sarki Barmo yana zaune a kan doki, bayansa ruwa, gabansa mutanen da ya zo kamawa, ragowar rundunarsa a tsallake ba ta da hanyar zuwa gare shi. Ya kalli ruwan har leɓunansa suka bushe. Sannan ya sauka da kansa, ya miƙa takobinsa ga baraden da ya fi kusa.

Aka kai shi gindin kuka. Sarki Tunau na zaune a kan buzu, babu sulke a jikinsa, Cindo na gefe ɗaure. Tsohon ya dube shi ya ce,

"Barmo, mun dafa Littafi tare a kan yashin da ruwan nan ya rufe. Na aiko maka da tambaya, ka aiko mini da barewa. Maharbinka ya gaya mini Kaura ne ya ruɗe shi. Iyakar abin da ya sani ke nan, iyakar abin da na sani ke nan. Kaura kuwa ga shi can ya tafi inda za a tambaye shi. In shi kaɗai ya ƙulla, ka faɗa, in ba ka doki ka koma gidanka in ruwa ya janye. Jinin da aka zubar yau ya ishe ni."

Barmo ya waiwaya. Can a tsallaken ruwa, kan tudu, ana iya hango ɗan farin abu a kan jaki. Ban da Barmo, mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san maganar da aka yi a hanyar kilisa, ga shi can, muryarsa ko a cikin ɗaki da ƙyar ake jin ta. Kalma ɗaya ce tsakanin Barmo da gadonsa.

Gulbi na ta ruri. Wata itaciya ta wuce, gawar wani ɗan lifidi maƙale a rassanta, Barmo ya gane shi, ɗan ƙanwarsa ne.

Ya juyo ya ce, "Baba Tunau, ba Kaura kaɗai ba ne. Ni na so mutuwar ɗanka. Na faɗa a gaban wanda na san zai aikata, na kuma yi wata biyu ina jiran labari. Na kira shi suɓutar baki, har na kusa yarda da kaina. Ganganci ne."

Wani gunji ya tashi daga baraden Zagama. Sarki Tunau ya miƙe, ya karɓi takobi daga hannun na kusa da shi, ya zare. Ya saita tsinin takobin a gaban ƙirjin Barmo. Barmo bai ja da baya ba, bai rufe ido ba. Aka daɗe a haka.

Can Tunau ya sauke hannu. Ya ce, "In na sare ka yanzu, ban san ko don Allah na yi ko don zafin zuciyata ba. Na ga abin da aka yi da mutum dubu cikin ƙiftawar ido, ina tsoron Mai wannan ruwa. An ce kana da alƙalin da ya ƙi rubuta maka ƙarya. A je a ɗauko shi."

Sai wajen la'asar ruwan ya lafa har masu fito suka iya shiga. Sarkin Ruwa da kansa ya ɗaure manyan goruna huɗu, ya ɗora Malam Yusha'u a kai, mutum shida suna iyo suna turawa. Duk gaɓoɓin biyu sun cika da mutane, ana kallon farin rawaninsa yana hawa yana sauka a kan jan ruwa har ya iso. Aka ɗauko shi a kafaɗa, aka zaunar da shi a kan buzun da Sarkin Zagama ya tashi ya bar masa.

Malam Yusha'u ya ce, "Ni tuɓaɓɓe ne. Ba ni da ikon yanke wa kowa hukunci."

Barmo ya ce, "Wanda ya tuɓe ka ya mayar da kai, Allah gafarta Malam, in har maganarsa tana da sauran nauyi."

Tunau ya ce, "Ni ma na yarda da kai. Abin da ka yanke, ko a kaina ne, na karɓa."

Alƙali ya dubi sarakunan biyu, ya dubi gulbi, ya yi bisimilla. Ya ce a kwance Cindo, a zaunar da shi a gabansa. Ya ce mai ƙara da wanda ake ƙara su tuɓe takalma, su zauna a ƙasa daidai da juna. Suka tuɓe, suka zauna a kan danshin yashi, maharbi a tsakaninsu.

"Mai ƙara ya faɗi sunansa."

"Tunau ɗan Maiƙarfi, mahaifin Kyauta."

"Wanda ake ƙara fa?"

Wani maroƙin Kundumi da ke cikin arba'in ɗin nan ya buɗe baki bisa sabo: "Zaki, Toron Giwa, Sarkin Kundumi mai..."

Alƙali ya ɗaga yatsa ɗaya, maroƙin ya haɗiye sauran.

Mutumin da ke zaune a kan yashi ya ɗago kai ya ce, "Barmo ɗan Nagoma. Ga ni."